Sakkwato: Yadda ake haɗa na'urar wanke gilashi da farantan sola ba tare da hawa tsani ba

Duk wanda ya bi ta Sama Road a birnin Sakkwato cikin watan Disamba ko Janairu zai ga abin da hunturu ke yi wa gine-gine. Gilashin da aka goge jiya da yamma, kafin hantsi ya koma ruwan ƙasa. Farantan sola da ke kan rufin gidaje da shaguna kuwa sai ka ce an barbaɗa musu gari.

Yadda aka saba magance wannan sananne ne: a samu yaro, a ba shi bokiti da tsumma, ya jingina tsani ya hau. Wani lokaci tsanin ma bai kai ba, sai ya taka katanga ko ya rarrafa a kan kwano. Idan ƙafa ta zame, kuɗin aikin ba zai kai ko kuɗin ɗori ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma mafi yawan kayanta ana samunsu a shagunan kayan famfo da na kayan noma. Ita ce doguwar sanda mai buroshi a kai, wadda ƙaramin famfo ke tura wa ruwa ta cikin siririn tiyo, mai aikin yana tsaye a ƙasa. Sai dai wanda zai haɗa ta ya kamata ya sani tun farko cewa sandar ba ita ce mai wuya ba. Ruwan da za a zuba a ciki, a nan gizo ke saƙar.

Daga ina dabarar ta fito?

An fara ƙera irin wannan sanda a Amurka tun shekarun 1950. A Birtaniya ta bazu sosai bayan da aka kafa dokar aiki a wurare masu tsayi a 2005, wadda ta buƙaci a guji hawa sama matuƙar ana iya yin aikin daga ƙasa. Yau a can masu wanke tagogi da yawa da ita suke aiki. Wasu suna ɗora babban tanki a cikin mota, wasu kuma suna jan ƙaramar amalanke mai jarka ɗaya. Wannan ta biyun ce ta dace da matashin da ke farawa da ɗan jari.

Buƙatar hakan a Sakkwato ta ƙaru ne saboda sola. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da shaguna da yawa sun rage dogaro da janareta. Amma farantin da ƙura ta lulluɓe ba ya ba da wutar da aka saye shi dominta. Kaso mai yawa na ƙurar nan iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da masana ke ɗauka a matsayin mafi tayar da ƙura a duniya. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, shi ya sa goge gilashi da busasshen tsumma ke barin zane-zanen da ba sa fita.

Me ya sa ruwan ya fi sandar muhimmanci?

Mai wanki da hannu yana tsane gilashi da roba ko tsumma bayan ya wanke. Mai sanda ba ya iya yin haka, domin hannunsa bai kai ba. Yana cuɗawa da buroshi, ya ɗauraye, ya bar gilashin ya bushe da kansa. To duk abin da ke narke a cikin ruwan, a kan gilashin zai zauna idan ruwan ya ƙafe.

Wannan babbar magana ce a Sakkwato. Yankin yana da arzikin farar ƙasa, ita ce ma ta sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Ruwan da ya ratsa irin wannan ƙasa yana kwaso sinadaran kalsiyam da maganiziyam. Su ne farin ɓawon da ake gani a cikin butar dafa ruwa, su ne kuma ke hana sabulu yin kumfa. Idan aka wanke gilashi da irin wannan ruwa aka bar shi ya bushe, zai fito dabbare-dabbare. A kan farantin sola kuwa, tabon yana taruwa a hankali har ya zama wata fata da ruwa kaɗai ba ya cire ta.

Ido ba ya gane wannan. Ruwa yana iya zama garau alhali cike yake da narkakken ma'adini. Abin da ke nunawa shi ne ƙaramar mita mai kama da biro da ake kira mitar TDS, wadda ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba a ma'aunin ppm. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna son lambar ta kasance ƙasa da 10 idan tagogi za su wanke. Ruwan burtsatse yakan nuna ɗaruruwa, kuma lambar tana bambanta daga wannan rijiya zuwa waccan, ko da a unguwa ɗaya ne. Don haka mitar ce ya kamata a fara saya, kafin famfo, kafin sanda.

Inda za a samu tsabtataccen ruwa

Hanya ta farko ita ce tace ruwa da rezin. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da ƙwan kifi da ake cika kwalbar tacewa da su. Ruwa na ratsawa, su kuma suna kama ma'adinan da ke cikinsa har mita ta nuna sifili. Matsalar ita ce suna ƙoshi. Idan lambar ruwanka ta ninka ta maƙwabcinka sau biyu, rezin ɗinka zai ƙare a rabin lokacin nasa. Wanda ya zuba ruwan burtsatse kai tsaye a kan rezin zai ga ribarsa ta tafi wajen sayen sabo.

Hanya ta biyu ita ce na'urar RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata. Mai kyau tana cire fiye da kashi 90 cikin 100 na ma'adinan, amma tana zubar da ruwa mai yawa a gefe. A garin da mutane ke jiran 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Birnin yana dogaro sosai da ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo ta kogin Rima, kuma mazauna ba su manta da 2018 ba, lokacin da ruwan madatsar ya ja baya matuƙa. Wanda ya sayi RO sai ya tanadi inda zai tara ruwan da take zubarwa domin wanki ko ban-ruwan shuka.

Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne ya je masana'antar ruwan leda da ke amfani da RO ya nemi a sayar masa a jarka. Ya tafi da mitarsa, domin ba kowace masana'anta ce ke da RO ba, wasu tacewa kawai suke yi. Idan lambar ta yi ƙasa, sai ya ƙarasa da rezin kaɗan, wanda a haka zai daɗe bai ƙare ba.

Akwai kuma ruwan da ake samu kyauta. Ruwan sama ba shi da ma'adini sosai, muddin an bar na farko ya wanke rufi kafin a fara tara. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai dukansu a damina suka fi samuwa, lokacin da aikin ya fi ƙaranci. Mai babban tanki mai murfi yana iya tarawa a Agusta ya yi amfani da shi a Disamba.

Kayan da ake buƙata

Amalanke: mai walda zai iya haɗa ƙaramin firam mai taya biyu da mariƙi, wanda zai ɗauki jarka mai lita 25. A tuna cewa lita 25 na ruwa kilo 25 ne, don haka tayoyin su zama masu faɗi da za su iya yashi da tsakuwa. A yi akwatin batir da famfo a sama da bakin jarkar, inda ruwa ba zai fantsama ba.

Famfo: ƙarami mai volt 12, irin wanda aka rubuta wa psi 100 da kimanin lita 5 a minti ɗaya. A nemi mai kashe kansa idan aka rufe bakin ruwa. A sa ƙaramar matata a tiyon da ke shiga jarka, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya hana shi aiki.

Batir: mai volt 12, irin wanda ake sa wa UPS na kwamfuta ya isa. A sa masa fiyus da makunni, da ƙaramar na'urar rage gudun famfo. Ita ce ke ceton ruwa. Idan famfo na gudu a lita 5, jarka za ta ƙare cikin minti 5. Idan aka rage shi zuwa lita ɗaya da rabi, za ta haura minti 16, kuma hakan ya wadatar wajen ɗauraya.

Tiyo: siriri, mai kaurin milimita 6 zuwa 8, tsawon mita 15 zuwa 20, da ƙaramin makulli kusa da hannu domin a tsayar da ruwa yayin matsawa daga taga zuwa taga.

Sanda: irin wadda masu fenti ke ɗaura rola a kai, mai zugewa. Mita 4 zuwa 6 ta isa gidan ƙasa da mafi yawan benaye masu hawa ɗaya. A ɗaure tiyon a jikinta da igiyar roba.

Buroshi: mai laushin gashi, irin na wanke mota. A huda ramuka biyu a bayansa, a cusa ƙananan bututu masu bakin milimita 2, a haɗa su da tiyon ta mahaɗa mai baki uku. Mai walda zai yi ƙaramar gwiwa da za ta karkatar da buroshin ya kwanta a kan gilashi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana da gajeriyar hanya: injin feshi mai batir, na lita 16, irin wanda manoma ke goyawa. Famfo da batir da maɓallin rage gudu duk suna cikinsa. Sai kawai a cire sandar feshin a jona tiyon buroshi. Sharaɗin shi ne ya zama sabo dal. Wanda aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari bai kamata ya kusanci tagar ɗakin mutane ba, balle rufin da ake tarar ruwan sama.

Yadda ake aikin

A fara da sassafe, bayan asuba zuwa hantsi. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, farantin da ke rana kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Zuba masa ruwan sanyi a lokacin yana iya tsaga gilashinsa. Ban da haka, busasshiyar iska tana ƙafar da ruwa kafin a gama ɗauraya.

A jiƙa gilashin tukuna domin yashi ya sauka. A wanke firam na sama, domin daga can datti ke gangarowa daga baya. Sannan a cuɗa daga sama zuwa ƙasa, a ɗaga buroshi kaɗan a bi da ruwa zalla. Ba a sa omo ko sabulu. Wankin farko yakan bar ɗan tabo saboda tsohon dattin da ke maƙale a gefuna, sai a na biyu ko na uku ake ganin bambanci sosai.

Ba kowace taga ce ta dace ba. Mai raga ta waje ko mai ƙarfen tsaro a gaba, buroshi ba ya isa gare ta. Mai gilashi falle-falle kuwa ruwa zai shiga ɗaki. Kasuwar tana wajen farantan sola, gilasan gaban shaguna da ofisoshi, allunan talla da fitilun sola na harabar gida. Hanyar shawo kan mai gida ba ta da wuya: ya duba lambar da na'urar cajinsa ke nunawa da tsakar rana, a wanke, washegari a lokaci ɗaya ya sake dubawa.

Haɗarin da ya rage

Sandar ta raba mutum da tsani, amma ta zo da nata haɗarin. Alminiyam yana ɗaukar wuta, haka ma sandar kabon mai tsada. Ko gora ce, da zarar ta jiƙe ba abin dogaro ba ce. A titunanmu wayoyin lantarki suna bi dab da gine-gine, kuma manyan layuka masu volt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa su ba, wuta tana iya tsallakowa idan an matso kusa. Cewa an ɗauke wuta ba hujja ba ce, domin babu wanda ke sanar da lokacin da za a dawo da ita.

Saboda haka kafin a zuge sanda a ɗaga kai a duba sama, a sauke ta kafin a zagaya gini. Farantan sola ma suna samar da wuta da zarar haske ya taɓa su, ko da an kashe inbata. Idan an ga fasasshen faranti ko wayar da ta kware, a bar aikin a kira wanda ya haɗa solar. Idan kuma waya ta yi kusa da inda sandar za ta kai, a haƙura da wannan aikin, a nemi wani gidan.