Kwalbar Da Ke Hana Ƙwaro Numfashi

Duk uwargidan da ta taɓa sayen wake da kaka ta ajiye, ta san abin da kan biyo baya. Kafin bazara ta tsaya, in ta kwance bakin buhu sai ta tarar da waken ya huhhuje, gari ya taru a ƙasa, ƙwari na ta kai da kawowa. Akan ɗora wa ɗakin ajiya laifi, alhali kuwa ɓarawon tun daga gona ya biyo kayan. Ƙwaron kan saka ƙwansa tun wake yana cikin ɓawonsa, tsutsar ta kutsa cikin ƙwayar ta yi ta ci, cikin kamar wata guda ta fito ta hayayyafa.

Maganin da wasu 'yan kasuwa suka runguma shi ne zuba guba. Abin ya kai ga a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wanda ya shiga tukunyar gida kuwa, ba a bakin iyaka ake duba shi ba.

To, amma ƙwaro abu ne mai rai, sai da iska yake rayuwa. Wannan shi ne asirin ajiyar busasshen abinci cikin kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska. Kwalbar da aka fi yin aikin da ita mai faɗin baki ce, irin wadda wani Ba'amurke, John Landis Mason, ya yi wa rajista a 1858. Murfinta na ƙarfe ne, da zoben roba a gefensa. Akan cika ta da wake, ko shinkafa, ko gero, a ɗora murfin, sa'an nan a sa ɗan ƙaramin famfo na hannu ko na lantarki ya janye iskar ciki. Iskar waje ce za ta danne murfin ya kama gam. In an danna tsakiyarsa da yatsa ya motsa, to, bai kama ba, sai a sake.

Famfon ba ya kwashe iskar duka. 'Yar wadda ta rage, ƙwarin da ke ciki su za su shaƙe ta, daga nan su halaka. Manoman ƙasar Hausa da yawa sun riga sun ga irin wannan a buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwadawa a arewacin Kamaru, aka kuma soma yaɗa su a Afirka ta Yamma daga 2007. Buhu na mai kaya da yawa ne. Kwalba ta ɗakin girki ce, ga shi ɓera ba ya iya huda ta.

Sai dai mai karatu ya yi hattara, domin a nan ne ganganci kan jawo nadama. Kwalba ba ta busar da abinci. Abin da aka rufe da laima, laimar tana nan tare da shi, kuma akwai wata ƙwayar cuta da ta fi son wurin da ba iska, mai haifar da guba mai shanye jiki, har ta yi kisa. Saboda haka nama, da kifi, da tumatir ko barkonon da bai bushe ƙayau ba, ba wurinsu ba ne. Gyaɗa da riɗi su ma ba su jimre wa doguwar ajiya, don mansu kan canja wari.

Gwajin bushewa ba ya bukatar na'ura. A zuba busasshen gishiri kaɗan da ɗan hatsin cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin gilashin, hatsin yana bukatar ƙarin rana.

Daɗin daɗawa, duk lokacin da aka buɗe murfi sabuwar iska ta shiga, aikin ya koma farko. Don haka gara a raba tiya ɗaya cikin ƙananan kwalabe da a tara ta a babba guda. A rubuta watan da aka rufe kowace a jikin murfinta, a jera su a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu, a riƙa fara ɗaukar wadda ta fi daɗewa.