Ɗan Wasa da Kwantiragi: Alkawari ko Dabaibayi?

Gabatarwa

Hausawa kan ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski." Ma'anar wannan karin magana ita ce, duk wanda ya karɓi kuɗin aiki wajibi ne ya cika aikin, ko da ransa ba ya so. To amma akwai tambayar da ta rage. Idan wanzamin ya fasa, ko ya sami wani aikin da ya fi wannan, shin mai kuɗin yana da ikon rufe ƙofa ya hana shi fita? Ko kuwa iyakarsa ya nemi a mayar masa da kuɗinsa?

Shekaru masu yawa ɗaliban da ke yi wa jami'o'in Amurka wasanni ba sa karɓar albashi. A shekarar 2025 aka ba jami'o'in damar biyan su kai tsaye, kuma tare da kuɗin sai ga takardar yarjejeniya, wadda aka fi sani da kwantiragi. Nan da nan gardama ta tashi: shin wannan takarda za ta iya hana ɗalibi barin makarantarsa ya koma wata? Domin a fahimci nauyin tambayar, ya kyautu a duba birnin Doha na ƙasar Ƙatar, inda aka taɓa barin izinin tafiyar ɗan wasa a hannun mai biyansa, aka kuma ga abin da hakan ya haifar. Amma da farko ga yadda Hausawa suka saba warware irin wannan matsala a tsakaninsu.

Sallama a ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan takarda da sa hannu, Hausawa suna da tsarinsu na ubangida da yaro. A kasuwanni irin su Kurmi da Kantin Kwari a Kano, yaro yakan yi shekaru a shagon ubangidansa yana koyon ciniki. Ubangida ne ke ɗaukar nauyin cinsa da suturarsa, wani lokaci har da aurensa. Idan lokaci ya yi sai ya sallame shi, wato ya ba shi jari, ya sa masa albarka, ya je ya tsaya da ƙafarsa. Yaron da ya tafi ba sallama akan kira shi butulu, sunansa kuma yakan ɓaci a kasuwa. Duk da haka ba mai tare masa hanya. In akwai kuɗi a tsakani, dattawan kasuwa su zauna su yi lissafi, a biya, kowa ya kama gabansa. Ke nan kunya da halacci ne ke riƙe yaro, ƙafarsa dai tasa ce.

Doha da tsarin kafala

Doha ita ce babban birnin Ƙatar, ƙaramar ƙasa mai arzikin iskar gas a gaɓar Tekun Fasha. Mafi yawan mazauna ƙasar baƙi ne da suka zo aiki daga Asiya da Afirka da sauran ƙasashen Larabawa. Shekaru da dama zaman baƙo a can ya rataya a kan tsarin da ake kira kafala. Kalmar Larabci ce mai nufin lamuni ko ɗaukar nauyi, shi kuwa mai ɗaukar nauyin ana ce masa kafil. Hausawan da suka yi zama a Makka da Jidda sun san kalmar sarai. A ƙarƙashin wannan tsari ma'aikaci ba ya canza wurin aiki sai da takardar amincewar kafil, ba ya kuma fita daga ƙasar sai da izininsa. Dokar ba ta bambanta lebura da ɗan ƙwallo ba.

Labarin Zahir Belounis na daga cikin abubuwan da suka fito da lamarin fili. Ɗan ƙwallon ƙafa ne haifaffen Faransa, asalinsa kuma Aljeriya. Ya zo Ƙatar a 2007, ya yi wa ƙungiyar El Jaish ta Doha wasa har ya zama kyaftin ɗinta, ya kuma taimaka mata ta haura zuwa rukuni na ɗaya a 2011. Daga baya saɓani ya shiga tsakaninsu. Belounis ya ce an daina biyansa albashi alhali kwantiraginsa na shekara biyar bai ƙare ba, saboda haka ya kai ƙara kotu. A cewarsa, sai aka shaida masa ba zai sami izinin fita ba sai ya janye ƙarar. Haka ya zauna a Doha da matarsa da 'ya'yansa mata biyu fiye da shekara guda, ba albashi, ba wasa, ba halin tafiya. Irin wannan zama shi Hausawa ke kira ɗaurin talala. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita, tana kiwo tana yawo, amma ba ta wuce inda igiyar ta ƙare.

A watan Nuwamba na 2013 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Zinedine Zidane da Pep Guardiola, waɗanda suka mara wa Ƙatar baya lokacin da take neman karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2022. Jaridun duniya suka ɗauki maganar, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPro, ta sa baki. A ƙarshen watan aka ba shi izini, ya sauka a Paris ranar 28 ga Nuwamba. Abin lura a nan shi ne, takardar da ya sa wa hannu domin ta kare haƙƙinsa ba ta amfane shi da kome ba muddin makullin ƙofa yana hannun abokin shari'arsa. Wanda ba ya iya tafiya ba ya iya ciniki.

Ƙatar ta gyara dokokinta daga baya. A 2018 aka soke izinin fita ga mafi yawan ma'aikata, a shekarar kuma ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ILO, ta buɗe ofis a Doha. A 2020 aka soke takardar amincewar kafil, aka ce ma'aikaci ya ba da sanarwar wata ɗaya ko wata biyu, gwargwadon daɗewarsa a aikin, sannan ya sauya. A 2021 mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata ya fara aiki. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ci gaba da kokawa cewa aiwatar da gyaran bai kai yadda aka rubuta ba. Duk da haka dokar ta raba abubuwa biyu da a da suke haɗe: bashin da ake bin mutum, da 'yancinsa na tafiya.

Makarantar Aspire da haƙƙin mai reno

Shi ma mai biya yana da tasa hujja, kuma a Doha ɗin dai ake ganin ta. A 2004 aka buɗe makarantar wasanni ta Aspire, inda samari ke haɗa karatu da horo. Daga cikin waɗanda ta yaye akwai Mutaz Barshim, wanda ya ci zinare a tsallen bisa a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, da 'yan ƙwallo Akram Afif da Almoez Ali, waɗanda suka taimaka wa Ƙatar ta ci kofin nahiyar Asiya a 2019. A 2007 makarantar ta fara wani shiri na zaƙulo yara 'yan shekara 13 masu baiwar ƙwallo a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gana da Kamaru. Waɗanda aka zaɓa an ɗauki nauyin karatunsu da horonsu, galibi a reshen makarantar da ke Sanagal. Henry Onyekuru na Nijeriya ta nan ya bi, ya tafi ƙungiyar Eupen ta Beljiyam, wadda hukumar Aspire ta saya a 2012, daga can kuma Everton ta Ingila ta ɗauke shi a 2017.

Wanda ya ci da yaro, ya koya masa sana'a shekara da shekaru, ba zai so wani ya zo rana tsaka ya ɗauke shi a banza ba. Yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta daidaita wannan tun 2001 shi ne ta hanyar diyyar reno. Sabuwar ƙungiya ce ke biyan ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasa tsakanin shekara 12 da 21. Haka kuma, idan aka sayar da shi zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka rene shi. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara uku. A wannan tsari kuɗi yana tafiya ne tsakanin ƙungiya da ƙungiya, ba ya fita daga aljihun yaro.

Gardamar jami'o'in Amurka

A Amurka hukumar NCAA ce ke kula da wasannin jami'o'i. A da, ɗalibin da ya sauya makaranta a manyan wasanni, irin su ƙwallon kwando da zari-ruga irin ta Amurka, sai ya jira shekara guda kafin ya yi wa sabuwar makarantarsa wasa. A 2021 aka yafe wannan jira ga sauyin farko. A Disamban 2023 wata kotun tarayya a jihar West Virginia ta dakatar da sauran dokar, a Afrilun 2024 kuma hukumar ta janye ta. Ta fuskar kuɗi, daga 1 ga Yulin 2021 aka yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, misali ta hanyar talla. Sannan ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da aka sani da sunan House, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Da dokar jira ta faɗi, sai jami'o'i suka koma ga kwantiragi domin riƙe 'yan wasansu. Xavier Lucas ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu da Jami'ar Wisconsin, sannan ya nemi tafiya. Jami'ar ta ƙi sa sunansa a rajistar masu neman sauyi, shi kuwa ya janye daga makarantar, ya shiga Jami'ar Miami a Janairun 2025 kamar kowane ɗalibi. A watan Yuni Wisconsin ta kai Miami kotu bisa zargin ta hure masa kunne. Sashen wasanni na Jami'ar Georgia kuwa ɗan wasan kansa ya bi: ya nemi Damon Wilson, wanda ya koma Missouri, ya biya dala 390,000 a matsayin diyyar karya yarjejeniya. A Janairun 2026 Jami'ar Duke ta gurfanar da Darian Mensah, amma kafin watan ya ƙare suka sasanta, ya tafi Miami.

Akwai tsoffin ƙa'idoji biyu na shari'ar Amurka da ke haskaka waɗannan ƙararraki. Ta farko, kotu ba ta tilasta wa mutum ya yi wa wani aiki da jikinsa, ko da ya yi alkawari. Ta biyu, diyyar da aka rubuta a kwantiragi tana tsayawa ne idan ta yi kusa da ainihin asarar da aka yi. In ta zama tara don a tsorata mai son tafiya, kotu na iya watsi da ita. A nan jami'o'i suka shiga halin gaba kura, baya sayaki. Sun dage cewa 'yan wasan ɗalibai ne ba ma'aikata ba, kuɗin kuma na amfani da suna da hoto ne, ba ladan wasa ba. In haka ne, da wuya su nuna asarar da suka yi don ɗalibi ya daina yi musu wasa. In kuwa suka ce takardar ta wajabta masa wasa, to ya yi kama da ma'aikaci, wanda zai iya neman kafa ƙungiyar ƙwadago.

Kammalawa

Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma wanda ya sauke kayan kafin ya isa masauki ya kamata ya biya abin da ya ɓata. Saboda haka kwantiragi yana iya sa wa tafiya farashi. Abin da ya faru a Doha kuwa ya nuna haɗarin barin izinin tafiyar kanta a hannun mai biya. Sai dai farashi ma yana iya zama igiya. Idan aka ɗora wa saurayi ɗan shekara 19 diyyar da ta ninka abin da ya karɓa, an yi masa dabaibayi ko da ƙofa tana buɗe. Don haka tambayoyin da ake dubawa a kowace yarjejeniya guda uku ne: nawa ne diyyar, wa zai biya ta, ɗalibi ko sabuwar makarantarsa, kuma shin ya sami lauya ko wakili da ya karanta masa takardar kafin ya sa hannu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sallama a kasuwar Hausa da takardar amincewar kafil?
2. Me ya sa aka kwatanta zaman Belounis a Doha da ɗaurin talala?
3. Wa ke biyan diyyar reno a tsarin FIFA, kuma wa ake biya?
4. A bayyana ma'anar "gaba kura, baya sayaki", sannan a yi amfani da ita a cikin jimla.