Su Wane Ne Mazaunan Kudancin Kano?

Duk wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Zariya zai ga cewa gari ba ya saurin ƙarewa. Bayan Na'ibawa sai gidaje da shaguna da gidajen mai su yi ta bin juna, kafin a kai ga gonakin shinkafa na Kura. Daga nan ne ƙasa take buɗewa, a shiga Bebeji da Kiru. Idan aka karya a Kwanar Ɗangora aka bi hanyar Jos, sai a ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, a faɗa Doguwa, inda Jihar Kano ta yi iyaka da Jihohin Kaduna da Bauchi.

Idan aka tambayi mutumin birni su wane ne ke zaune a wannan yanki, zai amsa a taƙaice cewa ai Hausawa da Fulani ne. Amsar ba ƙarya ba ce, amma fa ba ta cika ba. Ƙasa ce wadda jama'a iri-iri suka yi ta kwararowa cikinta shekara da shekaru, harshen Hausa ya haɗa su, har ya zamana ba a gane asalin kowa sai an tona. Ga shi kuma babu wata takardar hukuma ta zamanin nan da ta fayyace yawan kowane jinsi.

Abin Da Ƙidaya Ta Nuna

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Jihar Kano mutum kimanin miliyan 9.4 a ƙananan hukumomi 44. Daga ciki, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewayensa, watau Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, sun ɗauki fiye da miliyan 2.8. Kiru ta sami mutum fiye da 260,000, Tudun Wada kimanin 230,000, Bebeji kimanin 190,000, Doguwa kuwa kimanin 150,000. Jimlar huɗun ta haura 800,000.

Lissafin ya nuna cewa gwargwadon nisa da birni, gwargwadon raguwar cunkoso. Doguwa ta fi sauran ukun faɗin ƙasa, gama ta kusa murabba'in kilomita 1,500, amma ita ce mafi ƙarancin jama'a, kusan mutum 100 a kowane murabba'in kilomita. A Kiru da Bebeji adadin ya ninka haka fiye da sau biyu. Saboda haka mai neman sabuwar gona ko wurin kiwo, kudu yakan fuskanta.

To, amma ƙidayar ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Haka ma ta 1991. Rabon Nijeriya da ƙidayar da ta yi waɗannan tambayoyi kuma aka amince da sakamakonta tun 1963, lokacin da Kano take lardi a Jihar Arewa. Ta 1973 ta jawo gardama, har Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. Wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Dalilin barin tambayar sananne ne: an ga yadda alƙaluman ƙabila suka zama makamin siyasa, aka zaɓi zaman lafiya a kan sanin adadi.

A da akwai wata hanyar sanin jama'a. Kowace shekara dagatai da masu unguwanni sukan rubuta magidanta domin haraji, a ƙirga shanu domin jangali. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai rajistar da ke nuna wanda ya zo da wanda ya tashi a kowane ƙauye ta tafi tare da su.

Yadda Abin Yake A Wasu Ƙasashe

A Amurka, inda ake tambayar kowa jinsinsa a ƙidayar da ake yi duk shekara goma, ana iya bin sawun canjin da ke faruwa a unguwannin bayan gari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fararen fata masu hali suka yi ta ficewa daga tsakiyar birane irin su Ditroit da Shikago zuwa sababbin unguwanni, suka bar baƙar fata a ciki. Daga baya abin ya juya. Ƙidayar 2010 ta nuna cewa fiye da rabin baƙar fatar manyan biranen ƙasar a unguwannin bayan gari suke zaune. A Faransa kuwa doka ta taƙaita tattara bayanin jinsi, duk da kowa ya san cewa unguwannin gefen Faris cike suke da 'yan asalin Aljeriya da Maroko da Mali da Senegal.

Tsarin Kano ya sha bamban da duka biyun. A nan Turawan mulki ne suka ware baƙi tun farko, suka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu. Fagge kuma tun kafin zuwansu zango ce ta fatake. Ke nan baƙin da aka fi gani da ido a gefen ganuwa suka taru. Cuɗanyar da ke ƙauyukan kudu ta girmi wannan nesa, shi ya sa ido ba ya saurin kama ta.

Bebeji, Garin Fatake

Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya bi ta garin a 1826, ya kwatanta shi da babban gari na 'yan kasuwa, da yawansu 'yan asalin Barno. A wannan yanki ne kuma Agalawa suka yi ƙarfi. Masana tarihi sun danganta asalinsu da mutanen da suka gangaro daga ƙasar Buzaye ta Azbin, suka zauna a ƙasar Katsina da Kano, suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata wajen 1877, Ba'agale ne, wanda ya yi fataucin goro kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955. Yau babu mai musun cewa zuriyarsa Kanawa ne na ƙin ƙarawa.

Wannan misali ya isa ya nuna yadda ƙasar Kano take haɗiye baƙo. Mutum ya zo da harshensa da sana'arsa, ya sauka a hannun mai unguwa, a ba shi fili, ya yi aure. Jikokinsa ba za su san wani harshe ba sai Hausa. Abin da kan rage shi ne sunan unguwa ko na zuriya, irin su Barebari, Agalawa, Tokarawa da Zage-zagi, da kuma wasan barkwanci tsakanin taubasai.

Fulani ma kashi biyu ne. Akwai na gida, waɗanda sarautar garuruwa da yawa ta koma hannunsu bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kai Kano a 1807. Yawancinsu sun bar Fulatanci tuni. Akwai kuma na ruga, masu bin shanu, waɗanda har yanzu harshensu yana bakinsu. Kalmar nan ta Hausa-Fulani takan cure su wuri guda, alhali kuwa bukatun hakimi a gari da na makiyayi a bakin daji ba ɗaya ba ne.

Maguzawa Da Kurama

Tsofaffin mazauna ƙasar su ne Maguzawa, watau Hausawan da ba su karɓi Musulunci ba lokacin da ya kafu a birni tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Manoma ne na gaske, masu zama a manyan gidajen gandu a warwatse cikin gonaki. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya wallafa littafi a kansu a 1946. Daga wancan lokaci zuwa yau mafi yawansu sun musulunta, wasu kuma sun shiga addinin Kirista. Shi ya sa za a tarar da coci a wasu ƙauyukan kudancin Kano inda ake wa'azi da Hausa tsantsa, masu ibadar kuma ba su da wani gari da ya wuce nan.

Can kudu sosai, a duwatsun Doguwa da wani sashe na Tudun Wada, akwai Kurama, waɗanda ke kiran kansu Akurmi. Harshensu ba dangin Hausa ba ne. 'Yan'uwansu mafi yawa suna hayin iyaka, a yankin Lere da Saminaka na Jihar Kaduna. Su ma Kanawa ne bisa doka da tarihi, ko da yake ɗalibi zai iya gama sakandare a birni bai taɓa jin sunansu ba. Yaransu da Hausa suke ciniki a kasuwa, da ita suke wasa a makaranta, don haka harshen iyaye yana ja da baya.

Tarihin yaƙi ma ya yi tasiri. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun addabi kudancin Kano da hare-hare, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Jama'a suka taru a garuruwa masu ganuwa irin su Tudun Wada, filaye masu yawa suka koma daji. Da hankali ya kwanta bayan 1903, sai manoma daga ƙauyukan kusa da birni, inda gona ta yi ƙaranci, suka riƙa gangarowa suna saran sabuwar ƙasa.

Kuza, Ruwa Da Daji

Abubuwa uku sun ƙara jawo baƙi a zamanin nan. Na farko kuza. Riruwai, hedikwatar Doguwa, ta shahara da narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa. Da kamfanonin haƙar ma'adinai suka shigo, sai leburori da makanikai daga sassa daban-daban suka biyo aiki, kamar yadda ya faru a barikokin Jos. Farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, babban aiki ya tsaya, amma ba kowa ne ya koma garinsu ba.

Na biyu ruwa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Tafkin ya shanye gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. A lokaci guda ya jawo masunta da ma'aikatan gwamnati, ruwansa kuma ya raya noman rani a Kadawa da Kura, inda 'yan ci-rani ke tururuwa kowace shekara. A Bagauda, cikin Bebeji, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, inda ɗalibai daga kowace jiha ke zuwa su yi watanni.

Na uku daji. Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, makiyaya sun daɗe suna ratsa shi. Wajen 2015 satar shanu ta yi tsanani a can, har gwamnatocin jihohin Arewa maso Yamma suka haɗa ƙarfi da jami'an tsaro. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje kuma ta ware dajin Ɗansoshiya a Kiru domin tsugunar da makiyaya. Tashin hankalin Zamfara da Katsina da Kaduna ya sa iyalai da garkuna da dama sun nemi mafaka a wuraren da ke da sauran lafiya.

Inda Gizo Ke Saƙar

Rashin sanin adadi yana da illa ga aikin hukuma. Jami'in ilimi da bai san rugage nawa ne a gundumarsa ba, ba zai san inda zai kafa makarantar 'ya'yan makiyaya ba, duk da cewa tun 1989 aka kafa hukumar ƙasa domin wannan aiki. Haka jami'in lafiya mai rabon allurar rigakafi, haka mai shata burtali da mashaya.

Sannan ga batun takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ɗalibi ke bukata domin shiga jami'a ko samun tallafin karatu, mai neman aikin gwamnati ma haka. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Amma a aikace, sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi shi ne mabuɗi. Ga jikan leburan kuza da aka haifa a Riruwai, ko Bafulatanin da kakansa ya yi shekara hamsin yana biyan jangali a Tudun Wada, wannan takarda ita ce ke yanke ko shi ɗan gida ne ko baƙo.

Birni kuwa bai daina tafiya ba. Attajirai da ma'aikata suna sayen gonaki a bakin babbar hanyar Zariya, wasu don noma, wasu don ajiya. Idan ƙasa ta yi tsada, tambayar wanda ya riga wani zama takan taso, ko da shekara ɗari ba a yi ta ba. Rikicin Jos na 2001 da na Zangon Kataf na 1992 duk a kan wannan tambaya suka ginu.

Kudancin Kano ya daɗe yana da maganin wannan ciwo, watau al'adar sauke baƙo a ba shi gona har ya zama ɗan gari. Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta kama wannan al'ada da rubutu: ƙananan hukumomi su farfaɗo da rajistar ƙauyuka da rugage, a bayyana sharuɗɗan ba da takardar asali kowa ya san su, a shata burtali tun kafin a sayar da shi, a kuma sanya tarihin Agalawa da Maguzawa da Kurama cikin abin da ake koya wa yaran jihar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a Doguwa da Tudun Wada har yanzu akwai sauran fili da sauran lokacin yin sa.