Naɗin Takardar Fiyano: Gyaran da Ke Lalata Shi

Kafin rediyo ya mamaye gidajen Amurka da Turai, akwai fiyano mai kaɗa kansa. Ana saƙala masa naɗin takarda mai huje-huje, a riƙa taka feda, iska ta bi ta kowace huda ta motsa maɓalli. A 1908 masu ƙera shi suka taru a Buffalo suka tsayar da ma'auni ɗaya na naɗi mai sauti 88, kamfanin QRS kuma ya yi ta buga naɗin a can har ƙarshen 2008. Yau magada na tsintar naɗe-naɗen a kwalaye, ana ta ba su shawarwarin da ke ƙarasa takardar.

Wadda ta fi ci min rai ita ce wai in ta yage a liƙa salatif. Ba haka ba ne. Da shekaru sun ja, gam ɗinsa yakan tsattsafo ta gefe ya kama zagayen da ke ƙarƙashi, ranar da aka warware sai yagewar ta ninka. Wani kuma ya bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa. Masu adana takardu siririn tef na takarda marar asid suke sawa, in ya rufe huda su sake buɗe ta, don huda ɗaya ta toshe, sauti ɗaya ya tafi.

Robar ɗaure kuɗi ma haka, ruɓewa take ta manne. Leda kuwa tana kulle danshi ciki har fumfuna ta fito.

Abin da yake gaskiya shi ne zafi da laima suna cin takardar. Saman rufi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa duk ba wurinta ba ne. A kwantar da kowane naɗi a kwalinsa, a ɗaki mai sanyi wanda yanayinsa ba ya yawan sauyawa.

Masu cewa kada a kaɗa tsohon naɗi sam suna da rabin gaskiya. Mai ƙwari yana kaɗuwa lafiya a fiyanon da aka daidaita. Wanda gefensa ya fara marmashewa, musamman wajen mayar da shi baya da gudu, nan yake kecewa. Irin wannan hotonsa ake ɗauka. Jami'ar Stanford, wadda ta karɓi tarin naɗe-naɗen Denis Condon na Ostareliya a 2014, tana bi da naɗe-naɗen ta na'urar ɗaukar hoto, kwamfuta ta fitar da kiɗan, takardar ta koma kwalinta.