Muhimmancin Rubuta Ƙa'idojin Kula da Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai na kwamfuta tamkar rumbun hatsi yake: gina shi bai kai kula da shi wuya ba. Misali a nan shi ne PostgreSQL, wanda ya samo asali daga binciken da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma kowa yana da izinin amfani da shi kyauta, har ma ya yi masa gyara.

A wannan rumbu, idan aka sauya wani bayani ko aka soke shi, tsohon ba ya gushewa nan take. Yana nan yana cin wuri har sai an yi shara da umurnin da ake kira VACUUM. Tun 2005 rumbun yake iya yin sharar da kansa, amma aikin da aka buɗe aka bari ba a rufe ba yakan hana ta kammaluwa. Haɗarin kuwa babba ne, domin lambobin da ake ba ayyuka suna da iyaka. In aka doshi biliyan 2 ba a share ba, rumbun zai ƙi karɓar sabon rubutu don kada tsofaffin bayanai su salwanta.

Saboda haka bai kamata littafin jagora ya tsaya ga jera umurni ba. Lalle ne ya bayyana dalilin kowane aiki, da lokacinsa, da alamun da za a duba, da sakamakon sakaci. Ma'aikaci yakan sami canjin wurin aiki, kuma duk abin da bai rubuta ba da shi zai tafi, ya bar magajinsa yana lalube.