Ɗan Abin da Ke Hutar da Kunnuwan Ma'aikatan Jinya

A ranar 13 ga Maris 2020 hukumomin Sudan suka bayyana samun mutum na farko da cutar korona ta kama a ƙasar. Makonni kaɗan bayan haka watan azumi ya kama, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi a yankin Jazira kan haura digiri 40. Mai karatu ya kwatanta wa ransa halin ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a ƙauyukan 'yan'uwanmu Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Kogin Nilu, irin su Mai Wurno da ke kusa da Sannar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ga ƙishirwa, ga zufa, ga kuma takunkumi a fuska tun safe har dare.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su lura da shi ba shi ne kunne. Robar takunkumi siririya ce, kuma fatar bayan kunne ba ta da kauri. Idan roba ta wuni tana gugar wurin cikin gumi, sai ya yi ja, ya saluɓe, wani lokaci har ya zama gyambo. Haɗarin kuwa ya wuce ciwon, domin wanda kunnensa ke zogi zai riƙa kai hannu yana gyarawa, ko ya sassauta takunkumin, ko ya sauke shi zuwa haɓa a gaban majinyaci mai tari.

A cikin Afrilu 2020 masu ƙananan na'urori a Amurka da Kanada suka duƙufa ga wannan matsala. Wani kamfani mai suna Glowforge, a birnin Seattle, ya kira masu amfani da injinansa su yanka miliyoyin abin da suka kira mai ceton kunne, su raba kyauta ga asibitoci. Abin bai kai tsawon taƙi ba. Ana yanka shi daga akirilik, wato roba mai tauri da ke kama da gilashi, mai kaurin kusan milimita 3, da haƙora a gefe biyu. A ɗora shi a ƙeya, a maƙala robar takunkumin a haƙoran, kunne ya huta. Yawan haƙoran ya sa babban kai da ƙarami duk sukan sami daidai da su, kuma takunkumin yakan fi manne wa kumatu. Hasken leza ne ke yankan bisa zanen da aka ba kwamfuta, don haka falle ɗaya kan ba da gommai. Sai dai a kiyaye: sinadarin giya da ake goge kayan asibiti da shi yana sa akirilik tsattsagewa, ruwa da sabulu sun fi masa.

A ganinmu, wadda ta fi kowa cin moriyar wannan dabara ita ce mace mai lulluɓi. Mai hijabi, ko mai tobu irin na matan Sudan, kunnuwanta a rufe suke. Kafin ta rataya takunkumi sai ta kwance ko ta cusa hannu ƙarƙashin mayafi. Da wannan ɗan abu kuwa sai ta ɗaura ta bisa hijabin. Matan Indonesiya da Malesiya sun gane haka da wuri, har ya zama haja a kasuwanninsu.

Injin leza yana da tsada, yana kuma buƙatar wutar lantarki tsayayya, ballantana bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, wanda ya kai Wad Madani a Disamba na shekarar ya tarwatsa harkar asibitoci. Amma a ƙasar da aka shahara da noman auduga tun 1925, ƙyalle ba abin nema ba ne. Tela ya yanka ƙyalle mai faɗin yatsu biyu, ya ninka, ya ɗinka babban maɓalli a kowane gefe, aikin ya kammala. Uwargida mai saƙar kwarashi ma za ta iya. Korona ta lafa, amma masu kula da masu tarin fuka har yanzu da takunkumi suke wuni. A yi wa kowane ma'aikaci guda biyu ko uku, domin na ƙyalle yana shan gumi, dole a wanke shi kullum a shanya a rana kafin a sake ɗaurawa.