Mantuwar Tsofaffi: Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna

Yau zancenmu a kan tsofaffinmu ne. Da yawa cikinmu muna zaune da uwa ko suruka. Wata yanzu ta ci tuwo, an jima ta ce ba a ba ta ba. Wata ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Sai a ce gigin tsufa ne, wasu ma su ce sammu ne ko iska. To, likitoci sun leƙa cikin kan, sun ga abin da ke faruwa.

A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzaima, ya ba da bayanin wata mata da aka kawo masa tana da shekara 51, ta rikice da mantuwa. Sai bayan rasuwarta ya iya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar da wani abu ya daskare a tsakanin ƙwayoyinta. Sunansa aka sa wa cutar. A wancan zamani ba a ganin wannan sai mutum ya mutu.

Yanzu akwai na'urar MRI. Mutum zai kwanta, a tura shi cikinta, ta yi amfani da maganaɗisu ta fito da hoton ƙwaƙwalwa. Ba yanka, ba zafi, sai dai ƙara. A can ciki akwai wani ɗan sashe da bai wuce ɗan yatsa ba, ɗaya dama ɗaya hagu, ana ce masa hifokamfus. Shi ke ajiye sabon abu, kamar rumbun da ake zuba hatsin bana. Hoto ya nuna a cutar Alzaima yana cikin wuraren da ke fara tsukewa. Shi ya sa Inna za ta ba ki labarin ranar aurenta tiryan-tiryan, amma ta manta kokon da ta sha da safe. Wallahi ba da gangan take yi ba.

A 2004 kuma masu bincike a jami'ar Fitsbag ta Amurka suka nuna daskararren abin nan a kan mai rai, da wata na'ura mai suna PET. Daga baya aka gane yana fara taruwa shekaru masu yawa kafin mantuwar ta bayyana.

Ga inda ya fi shafarmu. Ba kowace mantuwa ce Alzaima ba. A wasu tsofaffin hoton kan nuna fararen tabbai, alamar ƙananan jijiyoyin jini sun lalace, galibi saboda hawan jini ko ciwon suga da aka bari ba magani. Wannan ana iya rage shi tun da wuri. Wani tsohon kuma faɗuwa ya yi ya bugi kansa, jini ya taru a ciki, bayan 'yan makonni ya rikice. In hoto ya nuna, ana yin aiki a cire jinin, da yawa su dawo hayyacinsu.

Saboda haka, uwargida, ke ce a gida, ke za ki fara lura. Manta inda aka ajiye carbi ba komai ba ne. Amma in Hajiya tana maimaita tambaya ɗaya, tana ɓata a cikin unguwarta, ko ta rikice kwatsam, ki yi wa maigida magana a kai ta asibiti. Likita zai fara da tambayoyi da gwajin jini, ba kowa ake yi wa hoto ba. A riƙa auna mata jini, a rage gishiri, ta sha maganinta kullum. Ki hana yara yi mata dariya, kada kuma ki yi musu da ita.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da Alzaima ba, amma sanin cewa ciwo ne yana sa a daina zargi, a ƙara haƙuri. Allah Ya ba mu ikon kula da su, Ya sa mu ma mu samu masu kula da mu.